Bafa da Kiredit: Yadda Ake Tsara Zirga-zirgar Bayanai a Cikin Babbar Kwamfuta

Frontier, babbar kwamfutar da ke Oak Ridge a Amurka, wadda ta hau saman TOP500, jerin kwamfutoci mafiya sauri a duniya, a 2022, ba na'ura ɗaya ba ce. Kwamfutoci ne sama da 9,000 da aka ɗinke da wayoyi, kowace tana yin nata kason lissafin, ta miƙa wa 'yan'uwanta sakamako, ta jira nasu. A irin wannan aiki fakiti ɗaya, wato ƙunshin bayanai guda, da ya makara yana iya tsayar da dubban na'urori, domin sau da yawa ba mai wucewa zuwa zagaye na gaba sai kowa ya gama. Shi ya sa ba a bin al'adar intanet a nan, inda rauta, na'urar da ke karɓar fakiti ta tura shi kan hanyarsa, kan zubar da fakiti idan wuri ya cika, a sake aikowa daga baya. A nan ba a zubarwa. Mai aikawa ba ya sakin komai sai ya tabbata akwai wurin ajiyewa a gaba.

Wurin ajiyewar shi ne bafa: 'yar ma'ajiya a bakin kowace ƙofar rauta, inda bayanai ke dakatawa kafin a ba su hanya. Tambayar ita ce girmanta nawa, yaya za a raba ta, kuma ta yaya na baya zai san ta cika. Ga yadda nake bin aikin, ko kana tsara rauta a kan cif (ƙwayar lantarki da ke cikin kwamfuta), ko kana saita suwic (akwatin da ke haɗa kwamfutoci da juna) a wata ƙaramar cibiyar lissafi a jami'a.

Mataki na farko: da wane mudu za ka yi awo?

Hanya mafi tsufa ita ce rauta ya karɓi fakiti gaba ɗayansa, sannan ya tura shi gaba. Yi lissafinta sau ɗaya, ba za ka sake marmarinta ba. Layi mai gigabit 100 a sakan yana ɗaukar bayit 12.5 a kowane nanosakan (ɗaya bisa biliyan na sakan), don haka fakiti mai bayit 4,096 na cin nanosakan 328 kafin ya gama shiga. Mu ce rauta biyar ne a kan hanya, kowane yana ɓata nanosakan 100 wajen yanke shawara. Idan kowane sai ya jira wutsiyar fakitin, jimilla nanosakan 2,140 ke nan. Idan kuwa kan fakitin yana wucewa da zarar an karanta adireshinsa, jikin yana biye, to 500 ne da 328, wato 828.

Wannan ratsewar iri biyu ce. Ta farko, wadda Kermani da Kleinrock suka bayyana a 1979, tana barin kai ya wuce, amma sai idan rauta na gaba yana da wurin da zai ɗauke fakitin duka in hanya ta toshe. Ta biyu ita ce salon tsutsa, wanda William Dally da Charles Seitz suka sa a cif ɗinsu na Caltech a 1986. A nan ana yanka fakiti gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana ce mata filit, kuma wurin filit kaɗan kawai ake buƙata a gaba. Arha ce ƙwarai. Sai dai in kan ya tsaya, jikin yana nan a miƙe cikin rauta uku ko huɗu, kamar tirelar da ta lalace a tsakiyar mararraba: ba hanyarta kaɗai ta tare ba.

Hukuncina mai sauƙi ne. A kan cif, inda kowane gurbi ke cin fili da wuta, ɗauki salon tsutsa. Tsakanin akwatuna da kabad-kabad, inda tsawon waya zai tilasta maka babbar bafa ko ka so ko ka ƙi, ɗauki na Kermani da Kleinrock, tunda wurin fakiti guda ya riga ya samu.

Mataki na biyu: auna zagayen kiredit

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin kuskure.

Ka san ɗan ga-ruwa. Ba ya cika ruwa sai a jarkar da ba komai a ciki, kuma jarkokinsa ƙidayayyu ne. In famfon yana bakin layi, jarka huɗu sun ishe shi ya riƙa kai ruwa ba yankewa. In sai ya tura kura zuwa wata unguwa, jarka huɗu ba za su yi ba: masu gida za su zauna jiran ruwa alhali famfo na zuba, don kawai jarkokin suna hanya. Kiredit shi ne jarkar da ba komai. Rauta na baya yana riƙe da ƙidayar guraben da ke sarari a bafar na gaba. Ya aika filit ɗaya, ya rage ɗaya. Na gaba ya fitar da filit ɗin, ya maido masa kiredit ɗaya. Ƙidaya ta kai sifili, ya tsaya cak.

Saboda haka abin da za ka auna shi ne tsawon lokacin da gurbi ɗaya ke ɗauka daga sa'ar da aka kashe kiredit ɗinsa zuwa sa'ar da kiredit ɗin ya dawo aka iya sake kashe shi. Rubuta gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya: tafiyar filit a waya, zamansa a bafa har ya samu fita ko da ba cunkoso, haɗa saƙon kiredit, dawowarsa a waya, da shigar da shi cikin ƙidaya. Mutane kan tuna waya su manta sauran, alhali a gajeren layi sauran ne suka fi yawa.

Misali a kan cif: zagayen ya ɗauki bugun agogo 5, layin kuma yana iya ɗaukar filit ɗaya a kowane bugu. In ka ba shi gurbi 2, zai aika biyu, ya yi zaman jira na bugu uku, ya sake aika biyu. Kashi 40 cikin 100 na ƙarfin layin ke nan, kuma babu wani cunkoso a ko'ina. Kai ne ka shaƙe shi. Gurbi 5 ne za su cika layin.

Misali a ɗakin na'urori: haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan nanosakan 5 a kowace mita. Waya mai mita 100, zuwa da dawowa, nanosakan 1,000. Mu ƙara 300 a matsayin ɓata lokacin na'urorin gefe biyu. Ainihin adadin sai ka duba takardar na'urarka ko ka auna. Layi mai gigabit 400 yana zuba bayit 50 a nanosakan. Ninka 1,300 da 50, ka samu bayit 65,000. InfiniBand, wata fasahar haɗa manyan kwamfutoci, tana ƙidaya kiredit da bayit 64, wato kana buƙatar kiredit 1,016 a wannan ƙofa kaɗai. A salon da ke neman wurin fakiti sukutum, ɗora girman fakiti mafi girma a kai, domin ragowar wurin da bai kai fakiti ba ba ya amfanar mai aikawa.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Ƙofofin rauta ɗaya ba buƙatarsu ɗaya ba: wadda ke da wayar tagulla ta mita 2 da wadda ke tsallaka ɗaki ba za a yi musu rabon daidai-wa-daida ba. Sannan duk sa'ar da aka ninka gudun layi, bafa ma sai ta ninku, domin haske bai ƙara sauri ba. Wanda ya sauya katunan gigabit 100 zuwa na 400 ya bar saitin jiya, ya ga dogayen layuka sun kasa cika, kada ya zargi waya.

Kafin ka bar wannan mataki, tambayi kanka me zai faru in saƙon kiredit ɗaya ya lalace a hanya. In tsarinka “ƙara ɗaya” kawai yake aikawa, wannan gurbin ya ɓata har abada, kuma layin zai riƙa ramewa a hankali, mako bayan mako, har ya tsaya ba tare da ya nuna wata alamar kuskure ba. InfiniBand ta kauce wa wannan ta hanyar aika jimillar ƙidaya lokaci-lokaci, gefe biyu su daidaita littafinsu. Yi koyi da hakan.

Idan Ethernet ce a hannunka

Ethernet da aka saba da ita ba ta ƙidaya gurabe. Tana da “tsaya” da “ci gaba” ne kawai: saƙon dakatarwa na ƙa'idar 802.3x, da kuma PFC na ƙa'idar 802.1Qbb wanda ke dakatar da ajin kaya ɗaya cikin takwas maimakon layin duka. Myrinet ma, wata tsohuwar fasahar haɗa kwamfutoci, da irin wannan ta yi aiki a zamaninta. Lissafin bai canza ba, sai dai ya fi tsada. Daga lokacin da ka ce “tsaya” har bayanai su daina sauka, zagaye guda ne cur, don haka dole ka bar sarari sama da alamar tsayawa wanda ya kai kayan zagaye ɗaya, haɗe da fakitin da kowane gefe ya riga ya fara aikawa ba zai katse ba. Haka nan in ka ce “ci gaba”, sai an yi wani zagayen kafin sabon kaya ya iso, don haka ƙasa da alamar ci gaba ma sai akwai kayan zagaye ɗaya a ajiye in ba ka son layin fita ya zauna fayau. Kusan ninki biyu na abin da kiredit ke buƙata ke nan. In sararin saman ya gaza, suwic ɗin da ka ɗauka ba ya zubar da fakiti zai zubar, kuma a lokacin da aiki ya fi zafi.

Mataki na uku: ƙananan layuka, da batun sarƙewa

In bafar ƙofa jeri ɗaya ce, na gaba in ya tsaya ya tsayar da kowa, har da waɗanda ƙofar fitarsu take a buɗe. Karol, Hluchyj da Morgan sun nuna a 1987 cewa babban suwic mai jeri ɗaya a kowace mashiga, ko da kaya sun bazu daidai a duk ƙofofi, ba ya wuce kusan kashi 58.6 cikin 100 na ƙarfinsa. Maganin shi ne a raba bafar zuwa jeruka da yawa masu amfani da waya ɗaya, kowane da tasa ƙidayar kiredit. Su nake kira ƙananan layuka. A takardun fasaha za ka ga an taƙaita su VC, a InfiniBand kuma VL, inda ake iya samun har 16, na ƙarshen an keɓe shi don saƙonnin gudanarwa.

Amma kafin ka yi tunanin gudu, ware layukan da tsira ta wajabta. Duk wanda ya taɓa shiga gosulo a mararrabar da ba ɗan sanda ya ga sarƙewa: mota huɗu, kowace ta sa kai, kowace tana jiran wurin da ta gabanta ta tare. A tsarin da ba ya zubar da fakiti, wannan ba ya warwarewa da kansa.

Dally da Seitz sun ba da ma'aunin a 1987. Ɗauki takarda. Kowane ƙaramin layi ɗigo ne. Ja kibiya daga A zuwa B in akwai fakitin da zai iya riƙe A yana neman B. In babu inda kibiyoyi suka zagayo suka koma mafarinsu, ba za a sarƙe ba. A tsarin raga mai kama da gidajen dara, dokar “gama tafiyar gabas da yamma kafin ka juya kudu ko arewa” ta wadatar. A tsarin zobe, da toras wanda zobba ne aka saƙa, zoben kansa da'ira ne, don haka sai ka zaɓi wuri ɗaya a kowane zobe ya zama iyaka: fakiti na tafiya a layi na 0, in ya tsallaka iyakar ya koma layi na 1. A Dragonfly, tsarin da ke tara rautoci rukuni-rukuni ya haɗa rukunan da juna, kamar yadda aka gabatar da shi a 2008, layi biyu ake buƙata ga hanya mafi gajarta, uku in za a yi kewaye ta wani rukuni.

Akwai sarƙewa ta biyu da zanen hanya ba ya nunawa. Na'ura ta karɓi buƙata, ba za ta iya sauke ta ba sai ta aika amsa, amsar kuma ta maƙale a bayan wasu buƙatun. Raba su. Cray T3D ta 1993 tana da ƙananan layuka huɗu saboda haka: biyu na buƙata, biyu na amsa, kowane biyun don tsallake iyakar zobe.

In kana son fakiti ya riƙa zaɓar hanya gwargwadon cunkoso, bi dabarar José Duato: bar yawancin layuka su sake, amma ka ajiye layin tsira guda wanda ke bin doka marar da'ira, kuma kowane fakiti yana iya faɗawa cikinsa a kowane rauta. Blue Gene/L ta IBM ta yi haka, layin tsirarta kuma yana aiki da dokar kumfa: fakitin da ke cikin zobe wurin fakiti ɗaya yake nema don ya matsa, amma mai shigowa zoben sai ya ga wurin biyu. Ta haka kullum akwai gurbi ɗaya da ya rage a zoben, kuma muddin akwai shi wani zai motsa.

Kada ka ce ka gwada na kwana uku ba ta sarƙe ba. Gwaji yana nuna akwai sarƙewa, ba ya nuna babu ita. Kuma ka sake zanen a yanayin da waya ɗaya ta mutu aka karkatar da hanyoyi, domin tsarin bishiya da ba shi da da'ira yana iya samunta a ranar. Masu PFC sun sha wannan.

Bayan na wajibi, ƙarin layi biyu zuwa huɗu yakan kawo riba a fili. Daga nan ribar tana raguwa, mai rabon hanya a cikin rauta kuma yana ƙara nauyi.

Mataki na huɗu: raba bafar

Koma ga bayit 65,000 ɗinmu. In kowane ƙaramin layi zai iya cika wayar shi kaɗai, kowane sai ya samu wannan adadin. Layi 8 a ƙofa 64 ya haura megabayit 33, a cikin cif ɗin da ke da sauran ayyuka. Kuma mafi yawan lokaci layi ɗaya ko biyu ne ke aiki, sauran wurin yana zaune.

Tamir da Frazier sun kawo mafita a 1988: ma'ajiya ɗaya a ƙofa, jeruka suna ɗibar gurbi gwargwadon buƙata, ana bin sawun kowane jeri da sarƙar adireshi. Yi amfani da ita, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kowane ƙaramin layi ya samu ɗan kasonsa da ba mai taɓawa, aƙalla wurin filit ɗaya a salon tsutsa ko fakiti ɗaya a ɗayan salon. In babu wannan, layin da ya toshe zai cinye ma'ajiyar, layin tsira ya rasa wurin sa ƙafa, hujjar da ka zana a takarda ta rushe. Na biyu, sa wa kowane jeri iyaka a cikin kason tarayya. Dabarar Choudhury da Hahne, wadda suwic da yawa ke amfani da ita, ita ce iyakar ta zama wani ninki na wurin da ya rage. In ninkin 1 ne, jeri ɗaya mai cunkoso zai tsaya a rabin ma'ajiyar. In biyu ne masu cunkoson, kowane sulusi, sulusi ya rage ga baƙo.

Mataki na biyar: abin da bafa ba ta magani

In na'urori 30 suna aika wa ɗaya da dukan ƙarfinsu, ba girman bafar da zai hana ta cika. Babba tana jinkirta cikar da 'yan mikrosakan ne, ta kuma tsawaita jiran duk wanda ya shiga. Da ta cika, kiredit ya ƙafe a rautan baya, tasu ta cika, abin ya yi ta rassa har ya kama fakitocin da ba ruwansu da waccan na'urar. Pfister da Norton sun bayyana wannan tun 1985. Maganin yana wajen mai aikawa: a sa wa fakiti alama in jeri ya fara tsawo, mai karɓa ya sanar da tushe, tushe ya sassauta. Haka ECN (sa alamar cunkoso) da DCQCN (dabarar sassauta gudu) ke yi a kan RoCE, wato salon sadarwar InfiniBand da aka ɗora a kan Ethernet. Abin lura wajen saiti: alamar ECN ta kasance ƙasa sosai da alamar PFC, don a rage gudu kafin a kai ga birki.

Duba adalcin rabon hanya kuma. In rautoci suna jere, kowane yana raba fita rabi-da-rabi tsakanin nasa kaya da na baya, na kusa da mafita zai samu rabi, na bayansa rubu'i, na bayan wannan sumuni. Kowane rauta ya yi adalci, amma na nesa ya sha wuya. Fifita fakitin da ya fi daɗewa a hanya yana gyara wannan.

Mataki na shida: gwaji

A manhajar kwaikwayo irin BookSim ko Garnet na gem5, riƙa ƙara kaya kaɗan-kaɗan kana zana jinkiri. Layin zanen zai kwanta, sannan ya miƙe tsaye. Inda ya miƙe nan ne iyakar tsarinka. Fara ƙidayar jinkiri daga lokacin da aka haifi fakiti, ba lokacin da ya samu shiga ba, in ba haka ba jiran bakin ƙofa zai ɓuya. Ci gaba da loda kaya bayan iyakar: tsari mai kyau yana riƙe abin da yake fitarwa, marar kyau yana zubewa. Kuma kada ka tsaya a kayan da suka bazu daidai, domin shi ne gwaji mafi sauƙin ci. Sa kowa ya aika kusan rabin zobe ta gefe ɗaya, sa kowa ya aika wa kowa, sa da yawa su taru a kan ɗaya.

A na'urar gaske, fara da layi ɗaya tak, mafi tsawon waya, ba kowa a hanya, ka gudanar da manhajar auna gudu ta ib_write_bw. In bai kusa cika layin ba, koma mataki na biyu. Sannan karanta ma'aunin PortXmitWait da manhajar perfquery: yana ƙidaya lokacin da ƙofa ke da kaya amma ta kasa aikawa. In yana hawa a ƙofa ɗaya ko da babu cunkoso, kiredit ne bai kai tsawon wayar ba. In yana hawa a ƙofofi da yawa a jere, bi su ɗaya bayan ɗaya ta inda kayan suka nufa, har ka iso ƙofar da take cike da aiki amma ita ba ta jiran kowa, ko na'urar da ta kasa kwashe abin da ake kawo mata. A Ethernet, ethtool -S zai nuna maka ƙidayar saƙonnin dakatarwa, ka bi sawunsu haka nan.